Sabino Maestas, Mai Rabon Ruwa na Gundumar da Aka Tsaga

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi Don Sabino Maestas (Don laƙabin girmamawa ne da ake yi wa dattijo) ranar sha ɗaya ga watan Maris na shekarar 1938, a garin Plaza Arriba da ke gundumar Santa Brígida, cikin tsaunukan kudu maso yammacin ƙasar Amurka, inda harshen Sifaniyanci ya riga tutar Amurka zuwa da shekaru masu yawa. Mahaifinsa shi ne Onésimo Maestas, manomi kuma makiyayin tumaki, haifaffen Arriba. Mahaifiyarsa kuwa, Crucita Lucero, 'yar asalin Plaza Abajo ce. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya tara, kuma ɗa namiji na farko da ya rayu.

Waɗannan garuruwa biyu su ne gundumar, sauran duk gonaki ne da makiyaya. Arriba tana sama a gindin tsauni, Abajo tana ƙasa a bakin kwari, kuma hanyar ruwa guda ɗaya ce take shayar da gonakinsu, wato asekiya, wadda kakanni suka haƙa da hannu. Ruwan yana fara ratsa Arriba kafin ya gangara Abajo, kuma daga nan duk wata husuma da duk wani zumunci na kwarin suka samo asali. Mutanen Abajo suna kiran na Arriba ɓarayin ruwa, na Arriba suna kiran na Abajo masu kukan banza, amma tarihi bai riƙe shekarar da ta wuce ba a ƙulla aure tsakaninsu ba.

Karatunsa da Tarbiyyarsa

Ya shiga makarantar firamare ta Arriba a shekarar 1944, a zamanin da ake dukan yaro a tafin hannu in an ji shi yana magana da harshen uwarsa, ya kuma bar karatu a 1952 domin ya taya mahaifinsa kiwo. Turancinsa bai taɓa wuce na ciniki da gaisuwa ba, shi kuma bai taɓa ɗaukar hakan aibi ba.

Ilimin da ya fi tasiri a rayuwarsa a wajen mahaifinsa ya same shi, shi ne ladabin magana a bainar jama'a. A ƙa'idar kwarin nan, dattijo ba ya miƙewa a taro ya faɗa wa buƙatarsa kai tsaye. Sai ya gaida baƙi ya tambayi hanya, ya ambaci mahaifinsa da kakansa don a san mai magana, ya gode wa matan da suka dafa abinci, ya yi addu'a ga waɗanda suka riga mu, sa'annan ya zo kan abin da ya tashe shi. Arriba ce take fara magana, kamar yadda take fara shan ruwa. In kuwa dattijon da aka wakilta ya gama, na baya ba sa maimaita hujjarsa, don yin haka tamkar cewa ne bai iya ba. Kowa sai ya gaisa ya ce maganar dattijo ita ce tasa. Sabino ya gwanance a wannan fanni tun yana matashi, har tsofaffi sukan tura shi neman aure a madadin 'ya'yansu.

Ayyukansa

Daga shekarar 1954 ya yi kiwon tumaki na ƙwadago a jihar Wyoming, ya yi aikin soja daga 1957 zuwa 1959, sannan ya yi shekaru uku a ramin haƙar ma'adinai, inda ya baro yatsu biyu na hannun hagu. A 1963 ya dawo gida, hukumar gunduma ta ɗauke shi direban motar 'yan makaranta, aikin da ya riƙe har zuwa ritayarsa a 1998. A farkon aikin motar takan cika har yara su zauna uku-uku a kujera. A shekararsa ta ƙarshe kuwa kowane yaro yana iya miƙe ƙafa ya yi barci.

Aurensa da 'Ya'yansa

A watan Oktoba na 1964 ya auri Eloisa Vigil, 'yar Abajo, ƙanwar Toribio Vigil, wanda ya zama babban abokin gardamarsa har ƙarshen rayuwa. An ruwaito cewa ranar da aka je neman auren, Toribio ya tare shi a bakin ƙofa ya ce, "Kai ɗan Arriba, ruwan da kuke sacewa bai ishe ku ba, sai kun haɗa da ƙanwata?"

Sabino ya ce, "Ai ita ba tare ta na yi ba, da ƙafarta za ta hauro."

Eloisa ta leƙo daga ɗakin girki ta ce, "In ba ku yi wa mutane shiru ba, ku biyun za a ɗaura wa auren, ni in huta."

Allah ya albarkaci auren da 'ya'ya bakwai, ɗaya ya rasu yana jariri. Don Sabino ya tsaya tsayin daka a kan karatunsu, ya sayar da tumakin gado domin kuɗin makaranta, kuma ba abin da yake faranta masa rai kamar a tambaye shi inda kowannensu ya kai.

Rabon Ruwa

A shekarar 1974 masu gonaki suka zaɓe shi mayordomo, wato mai rabon ruwan asekiya, wanda yake tsara ranar da kowace gona za ta sha, yake kuma kiran gayyar yashe hanyar ruwa duk farkon bazara. Shekara uku bayan haka aka yi fari mai tsanani. Mutanen Abajo suka hauro da shebur a kafaɗa, ba don aiki ba. Don Sabino ya wuce gabansu, ya je ya toshe ƙofar ruwan gonarsa da hannunsa, sannan ya bi na 'yan uwansa ɗaya bayan ɗaya. Barkononsa ya bushe a tsaye a wannan shekara, amma ba a zubar da jini ba. Daga nan aka dinga sabunta zaɓensa har tsawon shekara talatin da ɗaya, kuma ko Toribio, wanda bai taɓa yabonsa a gabansa ba, yakan ce a bayan ido, cikin ɓarayin Arriba wannan ne mai dama-dama.

A duk tsawon wannan zamani gundumar Santa Brígida mazaɓa ɗaya ce, da wakili ɗaya a majalisar dokokin jiha, kuma bisa al'ada kujerar takan zagaya tsakanin garuruwan biyu. Ba za a ce wakilan nan duk mutanen kirki ba ne. An yi malalata a cikinsu, an yi mashaya. Fa'idarsu ita ce ana iya tsare su a ƙofar coci ranar Lahadi. A 1986, sa'ad da wani kamfani daga bayan tsauni ya nemi sayen haƙƙin ruwan wasu gonakin Arriba domin ya kai shi masaukin masu yawon buɗe ido, matan garuruwan biyu suka kewaye wakilin lokacin bayan an tashi daga coci, mahaifiyar wakilin tana cikinsu. Bai ci abincin rana ba sai da ya yi alkawari, ya kuma tsaya a majalisa har maganar ta mutu.

Ƙidaya da Sabuwar Taswira

Ƙidayar jama'a ta 2010 ta nuna abin da kowa ya sani amma ba a son faɗa, cewa mutanen gundumar sun ragu ƙwarai. Doka kuwa ta wajabta a sake shata mazaɓu bayan kowace ƙidaya, yadda yawan jama'arsu zai yi daidai. A watan Yuli na 2011 aka fitar da daftarin taswira, sai ga Santa Brígida an tsaga ta gida biyu. An liƙa Arriba da mazaɓar bayan tsauni, ta garin masu wasan zamiya a kan ƙanƙara, wato mutanen da suka nemi sayen ruwan a baya. An liƙa Abajo da sababbin unguwannin gefen birni, inda ba wanda ya taɓa riƙe shebur. A kowane ɓangare ƙuri'un kwarin ba su kai abin da ɗan takara zai ƙona mai dominsu ba. Abin da ya fi ƙona wa mutane rai shi ne, mai zanen ya ga shuɗin layi a taswira ya ɗauka iyaka ce ta Allah, sai ya bi asekiya da layinsa na tsawon tafiya mai nisa kafin ya karkata.

Don Sabino, wanda a lokacin yana da shekara saba'in da uku, ya sauka Abajo da kansa ya sami surukinsa Toribio. Aka kafa ƙungiya mai suna Gunduma Ɗaya, shi shugaba, Toribio mataimaki, 'yarsa Marcelina, malamar makarantar Arriba, magatakarda. Ba a taɓa ganin garuruwan biyu sun haɗa baki haka ba. Da aka sami labarin cewa kwamitin majalisa zai zo sauraron ra'ayin jama'a, aka yi ittifaki cewa Don Sabino ne zai yi magana da yawun kowa, ya kuma shafe makonni yana tsara hujjojinsa.

Zaman Sauraron Ra'ayi

An yi zaman a zauren cocin Arriba ranar Asabar ta uku a watan Agusta. Tun jajibiri mata suke aiki ƙarƙashin Eloisa, aka yi miyar jan barkono da naman rago, da wake, da tortiya mai zafi, wato gurasarsu ta gargajiya, domin ba a taɓa jin baƙo ya zo kwarin nan ya koma da yunwa ba, ko da ya zo ne da wuƙa. 'Yan kwamitin suka ci suka yi santi. Sannan shugabarsu ta sanar cewa kowane mai magana yana da minti biyu, in lokaci ya cika za a kaɗa ƙararrawa.

Marcelina ta sunkuya kusa da kunnen mahaifinta ta ce, "Baba, ka ji fa, minti biyu ne. Don Allah ka fara da cewa ba mu yarda ba, gaisuwar ta biyo baya."

Ya ce, "In fara da a'a ga mutanen da abincinmu bai gama sauka cikinsu ba? Ke a gidan wa aka rene ki?"

"A gidanka, Baba. Shi ya sa na san halinka."

"Ƙararrawar ta yara ce. Ba wanda zai kaɗa wa mai furfura ƙarfe."

Ya miƙe, hularsa a ƙirji. Waɗanda suka halarta sun tabbatar ba a taɓa jin gaisuwa mai kyan wannan ba. Ya yi wa baƙi maraba, ya tambayi yadda suka baro iyali, ya gode musu da suka ratso tsauni domin talakawa, tafinta yana juyawa zuwa Turanci, abin da ya cinye rabin lokacin. Ya ambaci Onésimo mahaifinsa, yana cikin ambaton kakansa aka kaɗa ƙararrawa. Don Sabino ya dubi yarinyar da ke riƙe da ƙararrawar, ya dubi shugabar kwamiti, ita kuma ta yi masa murmushi ta gode masa da kalamansa masu daɗi. Mutumin da ya saba tsayar da fusatattu masu shebur bai san yadda ake musu da mace baƙuwa a gaban jama'a ba. Ya rusuna ya zauna.

Abin da ya biyo baya shi ne babban kuskuren, kuma ba a iya ɗora shi a kan mutum ɗaya. Duk wanda ke zauren ya san abin da Don Sabino ya zo faɗa, sun ji shi a shago, sun ji shi a bakin ruwa, don haka a wajensu tamkar ya faɗa ne. Gyara masa kuwa a gaban baƙi, bayan an riga an kunyata shi, ba mai iya wannan rashin kunya. Sai mutane suka dinga tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya gaisa ya ce, "Abin da Don Sabino ya faɗa, shi ne maganata." Toribio ya ƙarar da nasa lokacin wajen yi wa mai ƙararrawa faɗa.

"Ke 'yar nan, ba ki da kaka a gida? Saniya ce shi da za ki kaɗa masa ƙarfe? Mu da muke zaginsa shekara hamsin ba mu taɓa katse shi ba!"

Shi ma aka kaɗa masa. Marcelina ce kaɗai ta tashi ta ce gundumar ba ta yarda a raba ta ba, wasu tsofaffi har suna sunkuyar da kai don nauyin abin da ta yi. Bayan mako biyu rahoton kwamiti ya fito, yana cewa jama'ar Santa Brígida sun karɓi kwamitin hannu bibbiyu, masu magana da dama sun nuna godiya, mutum ɗaya ya nuna adawa.

Ranar da aka karanta masa rahoton, Don Sabino ya daɗe zaune a bakin ƙofa. Eloisa ta kawo masa kofi ta ajiye, ta ce, "To, maigida, ko ba komai ba wanda zai ce ba ka da tarbiyya." Ya yi dariya, daga nan kuma ya yi kuka, abin da ba ta gani ba tun rasuwar jaririnsu.

Tafiya Babban Birni

A watan Satumba majalisa ta yi zama na musamman kan taswirar. Kafin ranar, Don Sabino ya sa Eloisa ta riƙa auna masa lokaci da agogon girki, yana koyon abin da bai taɓa yi ba. Ƙungiyar ta cika tsohuwar motar makaranta da mutane, aka tafi. Da aka kira sunansa ya miƙe ya ce da Turancinsa na ciniki, "Sunana Sabino Maestas. Ba mu yarda ba. Ruwanmu ɗaya ne, kada ku ba mu wakilai biyu da ba su san shi ba." Ya kawo hujjojinsa har ya gama da sauran lokaci. Daga baya ya shaida wa Toribio cewa ji ya yi kamar ya shiga gidan mutane ba sallama.

A farfajiya wani ɗan majalisa ya riƙe hannunsa ya ce da sun faɗi haka tun a watan Agusta da an duba, amma yanzu an riga an daidaita da kowa. Ko gaskiya ya faɗa, ko kuwa ya sami inda zai rataya laifi ne, Allah ne masani. Mai yiwuwa an gama rabon tun kafin a ɗora tukunyar naman rago. Amma Don Sabino ya ɗauki maganar da gaske, ya kuma riƙe ta a ransa. Aka zartar da taswirar, ƙungiyar ta kai ƙara, kotu ta tabbatar da rabon a farkon 2012.

Shekarunsa na Ƙarshe

A zaɓen Nuwamba na 2012, a karo na farko a tarihin kwarin, Arriba da Abajo suka jefa ƙuri'a ga mutane daban-daban, kuma babu ɗan gundumar a cikin 'yan takarar. Eloisa ta rasu a watan Mayu na 2015. A 2017 ambaliya ta fasa madatsar da ke kan asekiya, aka rubuta wa wakilan biyu. Na bayan tsauni ya amsa cewa gonakin da abin ya shafa suna Abajo, na gefen birni ya amsa cewa madatsar tana Arriba, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa. Don Sabino ya kira gayya, tsofaffi suka toshe ɓarakar da duwatsu da itace, shi yana zaune a kan kujera yana nuni da sanda. A shekarun nan kuma gonaki uku na Arriba suka sayar da haƙƙin ruwansu zuwa bayan tsauni, ba a sami wanda za a tsare a ƙofar coci ba.

Bai fid da rai ba. Ya ce zai jira ƙidaya ta gaba, ya kuwa jira ta. A watan Satumba na 2021 aka sake zaman sauraron ra'ayi, wannan karo ta na'ura saboda annoba, Marcelina ta zaunar da shi gaban allon a ɗakin girki. Ya faɗi ƙin yardarsa a jimlar farko, mutanen garuruwan biyu suka biyo baya kowa ya faɗi tasa da bakinsa, ba wanda ya jingina da maganar dattijo. Aka saurare su da ladabi, aka rubuta daidai. Sai dai ƙidayar 2020 ta nuna gundumar ta ƙara raguwa, mazaɓun maƙwabta biyu kuma kowace tana neman ciko. A watan Disamba aka fitar da taswira, an gusa da layin kaɗan daga bakin asekiya zuwa bakin titi, gundumar tana nan a tsage.

Rasuwarsa

Don Sabino Maestas ya rasu a gidansa da ke Plaza Arriba ranar tara ga watan Fabrairu na 2022, bayan gajeriyar jinya ta ciwon huhu, saura wata ɗaya ya cika shekara tamanin da huɗu. An yi masa addu'a a cocin Arriba, aka binne shi a maƙabartar garin. Wakilan biyu kowanne ya aiko da furanni.

Jama'ar da ta taru ba a ga irinta ba cikin shekaru masu yawa. Coci ya cika har waje, motoci masu lambobin jihohi daban-daban suka yi layi tun daga ƙofar maƙabarta har gada. Toribio Vigil, wanda aka turo a keken marasa lafiya, ya daɗe yana kallon 'ya'ya da jikokin da suka cika wurin, sannan ya juya wajen Marcelina ya ce, "Kin gani ko? Da yau suka zo ƙidayar, da wakili biyu za su ba mu, namu na kanmu."

Ya rasu ya bar 'ya'ya shida: Onésimo, injiniya a Denver, Crucita, ma'aikaciyar jinya a Phoenix, Marcelina, malamar makaranta a Plaza Arriba, Leandro, jami'in soja mai ritaya a San Antonio, Benigna, lauya a Los Angeles, da autansu Eliseo, mai sana'ar gini a Las Vegas. Ya kuma bar jikoki goma sha tara da tattaɓa-kunne bakwai. Dukansu sun halarci jana'izar, kuma kafin ƙarshen mako dukansu sun koma inda suka fito, ban da Marcelina, wadda ita kaɗai ce a zuriyarsa aka ƙidaya a gundumar Santa Brígida. Allah ya jiƙansa, ya ba shi hutawa.